Sojan da aka ce ya mutu a Boma: yadda aka bi sawunsa daga Funtuwa zuwa Sekondi

Asalin lamarin, 1943 zuwa 2019

Mai wannan bincike malamin makarantar sakandare ne a kudancin Jihar Katsina, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Wanda yake nema kuwa kakansa ne na wajen uwa, manomi daga wani ƙauye kusa da Funtuwa, wanda aka ɗauka soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin da aka gada a gidan gajere ne: dagaci ya ba da sunansa cikin samarin da En'e ta nema, aka kai shi Zariya horo, ya bar matarsa da ciki, ya tafi Boma (ƙasar Myanmar ta yanzu), ya mutu a can. 'Yar da aka haifa a bayansa a 1943 ita ce mahaifiyar malamin, wadda yanzu kowa ke kira Hajiya. Ta tashi a hannun mijin uwarta, ba ta san fuskar ubanta ba.

Labarin ya dace da tarihi, shi ya sa ba wanda ya taɓa tuhumarsa. Turawa sun kafa runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma domin yaƙar Jafanawa, ta 81 da ta 82. Ta farko ta isa Indiya a 1943 ta shiga kwarin kogin Kaladan, ta biyu ta bi bayanta a 1944, suka haɗu a yaƙin Myohaung cikin Janairun 1945. Birgediya ta uku, wadda bataliyoyinta na Nijeriya ne, an haɗa ta da dakarun Chindit da suka yi yaƙi a bayan layin abokan gaba. Sunayen barikin Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Letmauk a Ibadan duk daga wannan yaƙi suka samo asali. A ƙauyukan Katsina da Zazzau kuwa kusan ko'ina akwai labarin ɗan Boma, wanda ya dawo ko wanda bai dawo ba.

Damunar 2019: abin da aka samu a adaka

Kakar malamin ta daɗe da rasuwa, amma adakarta tana nan a ɗakin ajiya ba wanda ya waiwaye ta, sai da rufin ɗakin ya fara yoyo aka fito da kaya. A ƙarƙashin wasu tsofaffin zannuwa aka tarar da ƙunshin tsumma, a cikinsa takardu biyu. Ɗaya guntun takardar karɓar kuɗin iyalin soja ce, gara ta ci gefenta, amma lambar sojan tana nan, ta fara da haruffan NA. Ɗayar katin wasiƙa ne mai hoto, tsawonsa kamar santimita 14, faɗinsa 9. A fuska hoton tashar jiragen ruwa ne, baƙi da fari. A baya akwai adireshi da boko, da rubutun ajami layi shida wanda tawadarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, da kan sarki, da hatimin gidan waya da bai fita sosai ba.

Da aka kai wa Hajiya, ta juya katin a hannu ta ce: "Ni dai a gano mini inda aka sa shi, in san inda zan fuskanta in yi masa addu'a." Daga wannan magana aikin ya fara.

Malamin ya ɗauka katin daga hanyar tafiya yaƙi aka aiko shi, tunda ga jirgin ruwa a jiki. Ya sa shi cikin leda ya ajiye, ya fuskanci intanet.

Ƙarshen 2019: suna a bangon tunawa

Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rumbun sunaye wanda kowa zai iya dubawa kyauta. Nan malamin ya fara, nan kuma ya ci karo da yadda Turawa ke rubuta sojan Arewa. Sau da yawa sunan uba ba ya shiga. Sunan yanka ake ɗauka a liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, galibi ma babban garin lardi ake sawa, ko da mutum daga wane lungu ya fito. Ga kuma rubutu da ya dogara da kunnen akawu: suna irin Garba yana iya fitowa Garuba, a Gana kuma Gariba. Saboda haka mutum da yawa na iya amsa suna ɗaya a rajista ɗaya.

Duk da haka ya samu wanda ya yi daidai: sunan kakansa, da Katsina a gaba, sojan Nijeriya, ya mutu a 1944. Sunan yana jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin Yangon na ƙasar Boma, bangon da ke ɗauke da sunayen kusan mutum 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Gida ya ɗauki murna. Hajiya ta sa aka yi waina da kunu aka raba sadaka, aka tara malamai suka sauke Alƙur'ani.

Bayan kwanaki malamin ya zauna zai rubuta bayanin a littafi domin 'yan baya, sai ya ɗora guntuwar takardar adaka kusa da wayarsa. Lambar da ke rumbun daban, lambar da ke takardar daban, kuma bambancin ya wuce a ce akawu ne ya yi tuntuɓen alƙalami. Ya sa lambar adaka ita kaɗai a wurin nema, ba ta fito da kowa ba. Wato hukumar ba ta da mamaci mai wannan lamba.

Wannan bai isa hujjar cewa kakan ya tsira ba. Hukumar da kanta ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masarawa, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Wanda ya san haka ba zai ɗauki rashin suna a rajistar Turawa a matsayin shaidar rai ba. Malamin bai gaya wa Hajiya komai ba tukuna.

2020 zuwa 2021: Kaduna, tsofaffin jaridu da mai cin kuɗi

Da aka sassauta kullen korona ya nufi Kaduna, gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa. Takardun can a jere suke lardi-lardi, kuma dole mai nema ya san cewa Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934, kafin nan tana haɗe da Zariya. Shekarun da yake nema suna cikin kundin lardin Katsina. Ya samu wasiƙun Razdan da Di'o kan ɗaukar soja, da yawan mutanen da aka nema daga gundumomi, da maganar nema wa tsofaffin soja aikin yi bayan yaƙi. Ya fahimci zamanin sosai. Sunan kakansa dai bai gani ba, domin irin waɗannan fayiloli lissafin kawuna suke yi.

Daga nan ya koma Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ya duba tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, wadda ta riƙa kawo labarin yaƙi da wasiƙun sojoji. Aiki ne mai cin ido, shafi bayan shafi, ba fihirisa. Ya tashi hannu rabbana. Wani ɗalibi da ke karatu a Ingila ya taimaka ya ɗauko masa hotunan wasu shafuka daga littattafan yau da kullum na bataliyoyi, waɗanda ke ajiye a gidan takardun tarihi na Ingila da ke Kew a Landan, cikin kundin WO 172. A ciki hafsoshin Turawa kowa da sunansa, sojan Afirka kuwa yawanci adadi ne: mutum kaza sun mutu, kaza sun ji rauni.

A tsakanin nan ne wani mutum da ya haɗu da shi a Facebook ya ce yana da hanya a wurin da ake ajiye takardun tsofaffin soja. Ya karɓi naira dubu arba'in, bayan mako uku ya turo takarda ɗaya mai hatimi. Abin da ke ciki shi ne bayanin sojan nan na bangon Taukkyan, an sake buga shi da kwamfuta. Daga ranar lambar mutumin ta daina shiga.

Wani aboki ya ba shi shawarar gwajin ƙwayar halitta irin wanda kamfanonin Amurka ke yi. Ya bincika ya bari, saboda gwajin ba ya haɗa ka sai da dangin da su ma suka yi shi, kuma bai ga alamar wani nasa zai kasance a ciki ba.

Farkon 2022: an koma kan katin

Shekara biyu da rabi katin yana cikin leda. Wanda ya sa aka dawo kansa wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, da suke sallah masallaci ɗaya da malamin. Ya karɓi katin, bai ko kalli hoton ba, ya juya baya ya kawo shi kusa da ido.

"Malam, wa ya ce maka lokacin yaƙi aka aiko wannan? Dubi kan sarkin. Mace ce."

Lokacin yaƙi Sarki George na Shida ke mulkin Ingila, hotonsa ne a kan sarki. 'Yarsa Elizabeth ta gaje shi a Fabrairun 1952. A jikin wannan kan sarki kuma an rubuta Gold Coast, sunan da aka daina amfani da shi ranar 6 ga Maris 1957 da ƙasar ta zama Gana. Katin ke nan an jefa shi a akwatin gidan waya tsakanin waɗannan shekaru, aƙalla shekara bakwai bayan an gama yaƙi. Dattijon ya karkata katin ga hasken rana, haruffa huɗu na ƙarshen hatimin suka fito: ONDI. Ya ce Sekondi ce, tagwayen Takoradi, kuma hoton da ke fuska zai zama tashar Takoradi da aka buɗe a 1928.

Saura ajamin. Malamin ya iya karatun Alƙur'ani, amma hannun mutanen da, da tawadar da ta koɗe, sun fi ƙarfinsa. Ya ɗauki hoton rubutun da waya, ya ƙara masa duhu, ya kai wa wani malamin zaure da ya saba da rubutun warash. Zama biyu suka yi. Wasiƙar zuwa ga yayan sojan aka rubuta ta. Bayan bisimilla da gaisuwa, mai wasiƙar ya ce yana lafiya, yana aikin gadi a reluwe, ya aiko da turmin atamfa ɗaya ta hannun wani bafataken goro a ba yarinya. Ya ambaci Hajiya da sunanta na yanka, ya tambaya ko ta yi nisa a karatun allo. Jaririya ba ta zuwa makarantar allo. Rubutun da kan sarkin sun ba da shaida iri ɗaya, kowanne ta hanyarsa.

Tsohuwar da ba a tambaya ba

Tun farkon binciken malamin ya zagaya dattawan dangi, amma maza ya bi: jikokin dagaci, limamin ƙauye, 'ya'yan yayan sojan. Duk labarin Boma suka maimaita masa. Akwai ƙanwar kakarsa, tsohuwa tukuf da ke zaune a gidan ɗanta a Malumfashi, wadda yake zuwa gaisarwa da Sallah, bai taɓa kawo mata maganar ba. A wannan karon ya je da katin, ya karanta mata abin da aka fitar daga ajamin.

Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe Yaya ba ta ƙona shi ba."

Abin da ta faɗa shi ne, shekarar da Sarkin Katsina Dikko ya rasu, wato 1944, saƙo ya zo ta wajen hakimi cewa sojan ya mutu. Yayarta ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, bayan wani lokaci aka ɗaura mata aure da wani. Ana nan sai ga mutum ya sauka daga jirgin ƙasa a Funtuwa da kakinsa da akwatinsa, shekarar da 'yan Boma suka dawo, 1946. Ya tarar da matarsa a gidan wani, da goyo. Manya suka taru, wasu suka ce a je gaban alƙali. Shi ya ce ba zai raba uwa da jinjiri ba, ya sawwaƙe mata. Kwanansa kaɗan a garin, ya ɗauki 'yarsa ya zagaya da ita kasuwa sau ɗaya, ya tafi. Daga nan manya suka ja kunnen kowa: wanda ya mutu a Boma ya mutu a Boma. Kunya ake gudu, kada a ce an ɗaura aure a kan aure, kada kuma a goranta wa ɗan da aka haifa.

"To Inna, me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma waɗanda za su ji kunyar suna da rai a lokacin."

Ta ƙara abu ɗaya da ya yi amfani daga baya: ya tafi ne wurin wani abokinsa na soja, mutumin Gwanja. Wannan ma ya zauna daidai, domin a rundunonin biyu sojan Nijeriya da na Gold Coast tare suka yi yaƙi, kuma Hausa ce ta daɗe tana haɗa su a bariki.

Tsakiyar 2022: takardar addu'a daga zango

Yanzu akwai gari, akwai aiki, akwai shekaru. Malamin ya daina neman mamacin 1944, ya koma neman zuriyar wani mai gadin reluwe a zangon Sekondi. A nan al'adar Gana ta taimaka masa. A ƙasar Hausa rasuwa sanarwar baki ce ko ta rediyo, a yi jana'iza a yini ɗaya, ba a bar takarda ba. A Gana kuwa buga takardar mutuwa abu ne da aka saba, har Musulmin zango sukan buga takardar gayyatar addu'ar kwana arba'in, da hoton mamaci, da sunan iyayensa, da jerin 'ya'ya da dangi da garuruwan da suke. Yanzu irin waɗannan takardu Facebook da WhatsApp ake zuba su.

Ya shiga zaurukan mutanen zangon Sekondi da Takoradi, ya riƙa bin tsofaffin sanarwa yana gwada sunan kakansa da rubutu iri-iri. Ya ci karo da takardar addu'ar wani Alhaji da ya rasu 'yan shekarun baya. Ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ɗa ne ga marigayi wane, tsohon soja, da laƙabin Boma liƙe da sunan. A jerin dangi, bayan Kumasi da Accra da Tema, an sa Katsina ba tare da sunan kowa ba.

Bai kira lambobin da ke jikin takardar kai tsaye ba. Ya bi ta hannun wani ɗan kasuwar goro da ke da mutane a can, aka kai maganar fadar Sarkin Zango, aka haɗa shi da ƙanwar Alhajin, dattijuwa mai sayar da abinci. Bai gaya mata lambar adaka ba. Ya roƙe ta, in akwai wata takardar soja ta mahaifinsu, ta ɗauki hotonta ta turo. Bayan kwana biyu hoto ya shigo: littafin sallama daga soja, bangonsa ya yi laushi don tsufa. Lambar da ke shafin farko ita ce ta guntuwar takardar adaka, ba ragi ba ƙari.

Gana ta buɗe iyakokinta na ƙasa a ƙarshen Maris 2022 bayan shekara biyu a rufe, don haka da hutun makaranta ya zo malamin ya bi mota ta Legas da Kwatano da Lome. A Sekondi ya ji sauran labarin. Kakan ya yi aure a zango, ya haifi 'ya'ya uku. Lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda a Nuwamban 1969, aka ba su mako biyu, maƙwabtansa da yawa sun kwashe sun koma Nijeriya, shi kuwa iyalinsa sun ce takardun aikinsa suka sa ya samu izinin zama. Ya rasu zamanin mulkin Acheampong, wato tsakanin 1972 da 1978. 'Ya'yansa sun san suna da yaya mace a ƙasar Katsina, sun san sunanta, ba su san ƙauyen ba. Shi ya sa suke sa Katsina a kowace takardar addu'a. An kai malamin maƙabartar Musulmi aka nuna masa ɓangaren da aka binne shi. Kabarin kansa ba alama.

Hajiya ta ji labarin ne daga bakin ƙanwar mahaifiyarta, haka malamin ya tsara. Ta yi kwanaki ba ta son maganar. Daga baya ta yi waya da 'yar'uwarta ta Sekondi, kuma da aka kawo zancen rabonta a gidan da mahaifinsu ya bari, ta ce ta yafe.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Shekara biyu da rabi na farko sun tafi ne saboda malamin ya karɓi labarin gida a matsayin tushe, ya fita neman takardar da za ta gaskata shi. Wanda ya fita neman mamaci a Boma da suna irin na sojan Arewa, zai same shi, domin sunan na mutum da yawa ne. Lamba ce ta kuɓutar da shi daga kabarin wani, ita ce kuma ta rufe maganar a Sekondi. Dabararsa ta ƙin faɗin lambar kafin a turo hoto ita ta sa shaidar ta zama shaida. Da ya yi wa mai cin kuɗin nan irin wannan gwaji, da dubu arba'in ɗinsa na aljihu.

A ganina babban abin da ya jawo jinkiri shi ne raina abin da ke hannu. Katin yana ɗauke da shekara, da gari, da sana'a tun ranar da aka buɗe adaka, kuma masu iya karanta shi, tsohon ma'aikacin gidan waya da malamin zaure, suna unguwa ɗaya da shi. Zuwa Kaduna bai zama asara ba, don shi ya sa ya gane abin da tsohuwar Malumfashi ke nufi da saƙon hakimi da shekarar dawowar 'yan Boma. Sai dai gidan ajiyar takardun gwamnati abin da ya dami gwamnati yake ajiyewa, kuma auren wani manomi bai dame ta ba.

Ita kuwa tsohuwar, ba na jin za ta yi magana da an je mata hannu sake ana tambayar yadda aka yi. Shekara saba'in da wani abu tana riƙe da umarnin manya. Katin ne ya nuna mata cewa asirin ya riga ya fita daga hannunta, kuma yayarta da kanta ta zaɓi ta adana shi. Mazan da aka fara tambaya ba ƙarya suka yi ba, abin da aka gaya musu suka faɗa, tunda maganar aure da takaba da goyo a cikin gida aka yi ta.

Malamin yana zaton saƙon mutuwar 1944 na sojan nan ne mai suna irin na kakansa, aka kai shi gidan da ba nasa ba. Shekarar ta yi daidai, sunan ya yi daidai, amma takardar hakimi ce kaɗai za ta tabbatar. Ya rubuta wa masarautar Katsina yana neman izinin duba tsofaffin takardun gundumar na wannan shekara, da nufin in an dace a gano ƙauyen wancan sojan, a kai wa danginsa hoton sunansa da ke bangon Taukkyan.